Makarar Baba Saleh

Gashuwa, ranar Litinin

Zuwa ga Goggo Shuhada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Baba Saleh. Yaya zafin Nguru, yaya ɗinki? Mu nan lafiya lau, sai mura da ta kama matata Zahra, ita ma ta fara sakinta.

Na san za ki ce Mahfuz ba ya tunawa da ke sai da dalili. To, da dalili. Makarantar da nake koyarwa za ta yi bikin ƙarshen shekara, kuma ni aka ɗora wa shirya wasan kwaikwayo. Na gaji da wasan ɗan ƙauye ya shigo birni ana yi masa dariya. A wannan karon ina so in yi abin da muke kira wasan ban tausayi, wato a ɗauko babban mutum, mai amfani ga jama'a, a nuna yadda wani hali nasa guda ɗaya ya kai shi ƙasa. Na duba littattafan da muke da su, duk sarakunan wasu ƙasashe ne da yaran nan ba su taɓa jin sunansu ba. Sai na tuna muna da namu a gida.

Ina ƙarami lokacin da abin ya faru a ƙauyenmu Kanyari, abin da na sani tsinta-tsinta ne. Kakata Fanna, Allah ya jiƙanta, takan ba ni labarin ƙanenta mahaifinki har in gaji, amma da an zo kan yayansu Saleh sai ta ja bakinta ta yi shiru. Tunda a gidanki yake zaune, ki taimaka ki ba ni labarin tun daga tushe. Zan sauya sunaye, ba wanda zai gane. Na fara yi miki maganar a waya jiya kika kashe, ban san ko laifi na yi ba.

Ɗanki,
Mahfuz

Nguru, ranar Alhamis

Ɗana Mahfuz,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. A gaida Zahra da jiki, ta riƙa shan citta da kanumfari. Baba yana nan, ido ya yi rauni, ƙafa sai a hankali, amma kunne garau kamar na yaro. Shi ya sa na kashe maka waya. Wayata in ana magana har maƙwabta ji suke, shi kuma kullum yana tsakar gida a kan tabarma. In maganarsa ce, ka rubuto ka ba direba Hizbullahi a tasha, yadda na yi yanzu.

Ga abin da ya faru. Baba shi ne sarkin ruwan Kanyari, kuma daga nan har Dagona ba a yi kamarsa ba. Shi ke cewa a shiga tafki, shi ke cewa a fita, ba mai jefa taru sai da izininsa, kuma bai taɓa cin kifin wani ba. Sai ciyawar kacalla ta toshe bakin kogi, ruwa ya daina zuwa gonakin shinkafa. Mutane suka shiga yunwa, samari suka fara gudu Legas. Baba ya ce a yanka jingar da kakanni suka yi a bayan gari don tare ruwa, a ba ruwa sabuwar hanya. Dattawa suka ce ba a taɓa wannan jinga, waɗanda suka gina ta sun san abin da suka gani. Ya ce su tsoro ne ya yi musu yawa. Ya ɗauki fartanya da hannunsa, samari suka bi shi.

Damina biyu aka yi ana shinkafa har rumbu ya kasa ɗauka. Har waƙa mata suka yi masa. A ta uku babban ruwa ya zo, ya bi ta inda ya yanka, ya kwashe rabin gari. Kowa ya tsira sai wata tsohuwa Fanne, mahaifiyar Lawal mai fito, ba ta gani, ta rasa ƙofar fita. Aka ce Baba ya fito gaban jama'a ya nemi gafara. Ya ce ruwa na Allah ne, shi bai kashe kowa ba. Suka tuɓe shi daga sarauta, aka daina amsa sallamarsa, sai na je na ɗauko shi. Shekara ta fi goma ke nan.

Yanzu abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya koma Kanyari ya mutu a can, a binne shi kusa da matarsa Maiturare. Ba ya faɗa da baki, amma duk wanda ya zo daga wajen sai ya tambaye shi ko tsamiyar maƙabarta tana nan. Na aika wa mai unguwa ba sau ɗaya ba, amsar ɗaya ce, ya zo ya nemi gafara. Shi kuma taurin kan nan yana nan yadda yake.

To malam mai alli, ni ga abin da ya ɗaure mini kai. Yabonsa za ka yi ko zaginsa? In gwarzo ne, me ya sa za ka kayar da shi a gaban yara? In mai laifi ne, me ya sa kake kiransa babban mutum? Ka yi mini bayani da Hausar da zan gane, don ina tsoron kada ka fama wa mutanen Kanyari ciwo, ƙofar da nake lallaɓawa ta ƙarasa rufewa.

Goggonka,
Shuhada

Gashuwa, ranar Lahadi

Goggo,

Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Zahra ta warke, tana godiya. An yi mana ruwa mai yawa jiya, gari ya yi sanyi.

Na karanta takardarki. Wallahi ko littafi bai tsara shi haka ba. Kin tambaye ni yabo ne ko zagi. Ba ko ɗaya, ko kuma in ce duka biyun. Da mugu ne, in ya faɗi sai mutane su ce Allah ya ƙara. Da kuma ba shi da laifi ko kaɗan, sai su ce ƙaddara ce su tashi. Abin da ake so shi ne mutumin da zuciyar da ta sa ya ceci gari daga yunwa, ita ce kuma ta hana shi jin maganar dattawa. Ba ka iya cire ɗaya ka bar ɗaya. Mai kallo sai ya ji tausayinsa, kuma ya ji tsoro, don ya san shi ma da shi ne a wurin da haka zai yi.

Kada ki damu da mutanen Kanyari. Muna da 'ya'yansu a makarantar, iyayen za su zo biki. Ina ganin in suka kalla zuciyarsu za ta yi sanyi, ƙila ma wasan ya yi miki aikin da aike bai yi ba. Na sa masa suna Sarkin Ruwa Abdussalam, garin ma na sauya.

Saura ƙarshe. A irin wannan wasa, gwarzon yakan gane kuskurensa, amma bayan lokaci ya ƙure. Saboda haka dole Baba ya mutu, ba makawa, kuma ba da daɗewa ba bayan ruwan. Na sa kafinta ya haɗa mana makara, na sayi farin yadi. Za a ɗauke shi a kafaɗa a zagaya da shi ta tsakiyar 'yan kallo. Bikin ranar Asabar mai zuwa ne.

Ɗanki,
Mahfuz

Nguru, ranar Talata

Mahfuz,

Muna lafiya. Ban da lokacin doguwar gaisuwa.

Wane irin dole Baba ya mutu? Da idona ya faɗa kan layin nan sai na zauna a kan keken ɗinki na rasa abin yi. Na ɗauka likitan nan da ka kai shi wurinsa bara a Gashuwa ne ya gaya maka wani abu kuka ɓoye mini. Sai da na sake karantawa na ga maganar kafinta, sannan na gane a wasa kake nufi. Mutumin da yanzun nan ya shanye kwanon kunu yana cewa tsamiyar ba ta ji ba, shi za ka sa a likkafani?

Ka saurare ni. Ban hana ka wasanka ba, amma kada ka fito da makara. Kai ka tashi a makarantar kwana, ba ka san mutanenmu ba. A Kanyari ko yara ba a barinsu su yi wasan ɗaukar gawa, duka ake yi musu. Sauya suna kuma da kake taƙama da shi, sarkin ruwa nawa ka sani da ya yanka jinga? Ka bar shi ya bar gari a ƙarshen, ai haka aka yi. In kuma littafinka ya ce sai an mutu, to littafin ya yi haƙuri.

Shuhada

Gashuwa, ranar Litinin

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Takardarki sai yau da safe ta zo hannuna. Hizbullahi ya samu shata zuwa Jakusko, mota ta lalace masa a can, takardar na cikin aljihun motar. An yi wasa tun shekaranjiya, kuma an fito da makarar.

Amma ki kwantar da hankalinki, komai ya tafi daidai. Ban taɓa ganin filin makarantar nan ya yi tsit haka ba. Da aka zo inda Sarkin Ruwa ya tsaya a kan jinga yana kallon garinsa a cikin ruwa, ya ce shi ne ya jawo, har maza na ga suna sunkuyar da kai. Da aka ɗauko makara kuwa, mata suka fashe da kuka, wasu dattawa suka miƙe tsaye suka bi bayanta suna salati. Ni ban tsara haka ba, amma ya ƙara wa abin kyau.

Akwai wata Meram daga Kanyari, mai sayar da banda a kasuwar nan. Bayan an tashi ta zo ta durƙusa a gabana tana hawaye, ta ce ai ta gane ni, jikan Fanna ne. Ta ce Allah ya ba mu haƙuri, ashe abin da ya faru ke nan ba su ji ba. Na ce mata amin, na gode, na yi murna da abin ya taɓa zuciyarta. Ta dube ni wani iri ta tafi. Kin ga abin da nake gaya miki ke nan, tausayi ya shiga.

Ɗanki,
Mahfuz

Nguru, ranar Lahadi

Mahfuz,

Muna raye, har da wanda ka binne. Na kwana biyu ban rubuto ba don da na rubuto a ranar, da zagi za ka karanta.

Ranar Laraba da hantsi ina suyar ƙosai sai na ji motoci sun tsaya a ƙofar gida, a-kori-kura biyu cike da mutanen Kanyari. Mata suka shigo da kuka, Meram a gaba. Ni na ɗauka wani ne ya rasu a can aka zo gaya mini, sai na saki matsami na kama kuka ni ma, ina tambayar wane ne. Suka ce Allah ya jiƙan Baba, Allah ya sa ya huta. Na ce ko yanzu ya cika a ɗaki ina wajen wuta, har labari ya je Kanyari ya dawo ban sani ba? Na ruga ɗakinsa ba ko ɗankwali. Na tarar da shi a zaune yana yanke farce.

Daga baya Meram ta yi mini bayani, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce ita ta san wasa ne, ba mahaukaciya ba ce. Amma a saninta ba ɗan halak da zai sa kakansa a makara a gaban jama'a alhali yana numfashi. Tunda jikan gidan ya yi haka, to tsoho ya riga ya tafi, an ƙi gaya musu ne saboda fushi. Ta yi maka ta'aziyya kuma ka amsa da amin. Me kake so ta ɗauka?

Ina ɗakin ina haki, maza sun shimfiɗa tabarmi a waje jikin tagarsa. Limaminsu ya yi addu'a, sannan ya yi abin da ake yi wa kowane mamaci, ya ce duk wanda marigayi ya yi wa laifi ya yafe masa, don yau ba shi da bakin roƙo. Suka haɗa baki suka ce sun yafe, duniya da lahira. Mai unguwa ya ce da an sanar da su da sun zo sun ɗauke shi an kai shi kusa da Maiturare, ai ɗan gari ne. Duk a kunnen Baba. Abin da na yi shekara da shekaru ina roƙo, ga shi an bayar kyauta ta taga.

Ya ajiye reza, ya ce in miƙo masa babbar riga. Na ce Baba bari in fara fita in yi musu bayani. Bai ko kalle ni ba.

Ba zan iya kwatanta maka fitowarsa ba. Wasu suka tashi da gudu ba takalmi, liman ya maƙale a tsakiyar salati, Meram ta zube a zaure sai da aka yayyafa mata ruwa. Da ƙura ta lafa aka gane mutum ne ba fatalwa ba, sai kunya ta rufe kowa. Baba ya dogara sandarsa ya ce, "Wa kuka yafe wa? Ni, ko wanda ya mutu?"

Liman ya ce ai yafiya yafiya ce, an riga an furta, mala'iku sun rubuta. Mai unguwa ya ce e to, haka ne, amma kuma yanzu magana ta ɗan sauya, sai an koma an yi shawara. Wasu na cewa an yafe, wasu na cewa yaudararsu aka yi, wani ma cewa ya yi ni da kai muka haɗa baki. Ana cikin wannan sai Lawal mai fito ya miƙe. Ya yi furfura, da ƙyar na gane shi.

Ya ce, "Ni na ce na yafe, kowa ya ji. Gawa na yafe wa, don gawa ba ta iya cewa komai. Kai kuwa kana da baki."

Baba ya juya ya shige ɗaki. Shinkafa da kifin da suka kawo na sadaka, su na dafa musu suka ci, ba mai kallon wani. Da za su tafi mata suka rasa abin da za su ce mini, wata ta ce Allah ya ba da haƙuri, wata ta ce barka. Ni kaina har yau ban san ko gyara ka yi ko ɓarna ba. An yafe masa ko ba a yafe ba? Zai koma ko an ƙara rufe ƙofa? Kuka nake ina dariya ni kaɗai a kan keke.

Ya yi kwanaki ba ya cin abin kirki. Jiya ya kira ni ya ce in gaya masa yadda wasan ya ƙare. Na ce Sarkin Ruwa ya gane shi ne ya jawo, sannan ya mutu. Sai ya ce, "Wancan ya samu sauƙi. Bai tsaya ya faɗa wa Lawal ba."

Yau da safe ya ce in haɗa masa riga biyu a jaka, Kanyari za shi ranar Talata, kuma ba ya son in bi shi. Ba wanda ya gayyace shi, ban san abin da zai tarar ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Hizbullahi zai sauke shi a tashar Gashuwa. Ka tare shi ka raka shi, ka riƙe masa jaka, kuma don Allah ka bar bayanin littafi a gida.

Goggonka,
Shuhada

Gashuwa, ranar Laraba

Goggo,

Ina gaisuwa. Na dawo lafiya, na san ba ki runtsa ba, bari in tafi kai tsaye.

Na tare shi a tasha. Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ce in tashi mota za ta tafi. Har muka wuce Dagona bai yi mini maganar wasa ba, sai tambayar gonakin wa da wa muke wucewa. Ruwa ya riga ya yanke hanya, mota ta sauke mu a bakin kogi, dole sai an shiga kwalekwale. Lawal ne a wurin yana kwarfe ruwa daga cikin nasa. Ya ɗago ya gan mu, ya ci gaba da aikinsa.

Baba ya miƙo mini sanda. Na ɗauka gyara riga zai yi, sai na ga yana neman durƙusawa a cikin taɓo, da ƙafar nan tasa. Na kai hannu zan tare shi ya ture ni. Akwai mata masu jiran fito da buhunansu, duk suka zuba mana ido.

Ya ce, "Lawal, an hana ni yanka jinga, na yanka. Ni na buɗe wa ruwan da ya ci Fanne hanya. Na san haka tun ranar, girman kai ya hana ni faɗa."

Lawal bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tsaya da ƙwarya a hannu har na fara jin kunya a madadin kowa. Can ya jawo kwalekwalen ya danne shi da ƙafa don kada ya yi rawa, ya kama Baba ya ɗaga shi ya zaunar a ciki. Na ɗaga ƙafa zan shiga, ya karɓi jakar ya ce, malam kai ka tsaya nan.

Da suka kai tsakiyar kogi sai na ga ya daina tuƙi. Kwalekwale ya fara bin ruwa da su, su biyu kawai, ba na jin abin da suke faɗa. Goggo, ba zan ɓoye miki ba, na tsorata. Duk irin ƙarshen da na taɓa koya wa yara sai da ya zo mini a rai, kuma ba mai daɗi a ciki. Na yi ta kiran sunan Lawal, matan nan suka ce in yi shiru. Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba, na dai ga ya sake sa filafili a ruwa, suka shige bayan kacalla.

Sai bayan la'asar ya dawo shi kaɗai. Ya kwashi matan da buhunansu kamar bai gan ni ba. Na shiga ruwa har gwiwa na riƙe bakin kwalekwalen, na ce don Allah ina Baba, ya yafe masa ko kuwa? Ya dube ni, idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Ban ce na yafe ba tukuna. Yana gidana, ya ci abinci. Ka gaya wa Shuhada ta aiko da sauran kayansa."

Ɗanki,
Mahfuz